Muryar Iya a Faranti na Biyar

Sallama gare ku mutanen shafin Ludayin Juwairiyya. Ku gyara zama, yau ba hoton miya na kawo muku ba, kuma ba na cikin raha.

Tun ranar Lahadi da na ba Fadar Tatsuniya ludayi ɗaya cikin biyar ban faɗi dalili ba, wayata ba ta huta ba. Wasu sun ce hassada ce, wasu sun ce wani gidan abincin ne ya zuga ni. Wata baiwar Allah kuwa cewa ta yi ai duk Bauchi an san mai wurin ne zai aure ni, don haka faɗan saurayi da budurwa na kwaso na juye muku. To 'yar'uwa, kin faɗi rabin gaskiya. Sauran rabin ne zan ba ku yanzu, kowa ya yi hukunci da kansa.

Ga sababbin zuwa, ni ce Juwairiyya ta Ƙofar Ran. Shekarata uku ina zaga gidajen abincin garin nan ina ɗanɗanawa ina faɗa muku abin da harshena ya ji, ban taɓa yi wa kowa ƙarya a kan miya ba. Mai wurin kuma sunansa Abdulmuhaimin, shekara ɗaya da rabi ke nan yana zuwa zance gidanmu. Iyayensa 'yan Bauchi ne amma a Abuja ya tashi, ya yi karatu a waje, ya dawo ya buɗe wurin shaƙatawa a hanyar Dass, gaba da Yelwa kaɗan, da lilo da jirgin ƙasa na yara da ɗan tafki. A tsakiyar wurin ya gina Fadar Tatsuniya, inda ake kawo maka abinci faranti bakwai, kowane faranti da yankin tatsuniyar da ake ba ka. Ummata tana sonsa kamar ita ta haife shi. In ya turo kankana, sai makwabta uku sun ji labari kafin a yanka.

Kafin mu shiga fadar, dole sai na gaya muku wace ce Iya.

Iya kakata ce, mahaifiyar Baba, ta rasu shekara biyu da suka wuce. Baba shi ne ɗanta na fari, kuma kun san alkunyar mutanen da a kan ɗan fari. Iya ta kai abin maƙura. Shekara sittin da ɗaya ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta zauna tabarma ɗaya da shi ba, ba ta ci abinci yana kallo ba. In za ta ambace shi sai ta ce “wancan”, in ta so sakin fuska ta ce “uban su Juwairiyya”. Akwai wani mai kayan miya a layinmu da ke da sunan Baba, har ta koma ga Allah “mai tattasai” take ce masa. Sunan Baba Malam Mansir, tsohon hedimasta, Allah ya yafe min da na rubuta shi gatsau, labarin ne ba zai tafi ba sai da shi.

A daminarta ta ƙarshe, wata rana bayan magariba ana yayyafi, ina matsa mata ƙafa na ce ta yi min tatsuniya kamar da. Ta ce ƙatuwar banza da ni, me zan yi da tatsuniya. Na dage, na danna naɗar murya a waya. Ta ba ni labarin wani yaro da uwarsa ta kwanta ciwo, ya shiga daji neman ruwan rijiyar Dodo don ya warkar da ita. Da ya daɗe bai dawo ba, sai uwar ta rarrafa bakin ƙofa tana kiransa da waƙa. Jama'a, da Iya ta zo kan waƙar, sunan Baba ta sa wa yaron. Sau uku ta rera shi, a hankali, kamar mai taɓa abin da zai fashe. Da ta gama ta kalli wayar ta ce, “Na ga kin danna abin nan naki. Ki ajiye, amma kada ki bari ya ji. Kunya za ta kashe ni.”

Na ajiye. Ko Umma ban sa mata ba. Sai wata takwas da suka wuce, lokacin Abdulmuhaimin yana ta neman tatsuniyoyin da zai gina wurinsa a kai, muna hira a waya, zuciya ta yi laushi, shaiɗan ya yi min huɗuba. Na tura masa, na ba shi labarin alkunyar duka, na rubuta a ƙasa: “Kai kaɗai. Amana ce.” Ya amsa: “Amana ta karɓu, ranki ya daɗe.” Har yanzu in na tuna yatsan da na danna turawa da shi, ji nake kamar in cije shi.

To, ranar Asabar aka buɗe fadar. Tun sati guda kafin nan Umma ta tasa Baba a gaba, wai yaron nan ya aiko da kati har gida yana roƙon ya je ya sa albarka, kuma Juma'ar da ke bayan buɗewar magabatansa za su zo sa rana, ina amfanin a ƙi. Baba ya ce shi bai ga abin da zai kai magidanci da tukunya a gidansa ya je yana tauna a bainar jama'a ba. Amma wa ya isa da Umma in ta sa abu a gaba? Ƙarfe biyu na rana ga mu a keke, Baba cikin farar shaddarsa ta Juma'a da zanna bukar, Umma cikin leshi ruwan zuma da ta ɓoye tun bikin ƙanwarta, ni kuma atamfa shuɗiya da mayafi ruwan toka, na sha turaren wuta har mai keken yana atishawa.

Abdulmuhaimin ya tare mu a bakin ƙofa, ya durƙusa har ƙasa ya gaida su Baba, sannan ya ɓace, tunda dai ba zai zauna surukai suna cin abinci ba. Wannan kunyar ya iya ta. Muna zama saƙonsa ya shigo: “Ki jira faranti na biyar. Akwai kyauta ga Baba.” Na yi murmushi ni kaɗai, na ɗauka hula ce ko agogo.

Yanzu bari in yi aikina, don kada a ce fushi ya rufe min ido. Wurin ya yi kyau. An gina zauren kamar kogon dutse, an toshe duk wata kafar haske, an jera ƙananan fitilu a rufi kamar taurari, ga sanyi, ga kukan gyare yana fitowa daga sifika. Baba ya ɗaga kai ya kalli taurarin ya ce, “Tatsuniya da rana tsaka? To shi ya sa suka ƙirƙiri darensu.” Masu kawo abinci an sa musu kayan kura da zomo da barewa. Wadda aka ba teburinmu, Peculiar, an yi mata shigar 'yar sarki da kambin gwangwani da ke ta zamewa kan goshinta, amma ga ladabi ga fara'a. Mun kai mutum arba'in a zauren, manyan gari da matansu da masu ɗaukar bidiyo. A tsakiya an kafa wani ƙaton Dodo na siminti, baki buɗe, a cikin bakin aka ɓoye sifikar da ke ba da labari. Baba ya yi addu'a aka shafa, aka fara.

Faranti na farko, wai shi Ƙofar Daji, masa ce guda ɗaya tal, girman maɓallin riga, an ɗiga mata miyar taushe kamar ana sa wa jariri magani. A Bauchi fa, garin masa. Umma ta dubi cokula uku da wuƙaƙe biyu da aka jera mata, ta raɗa min wai da wanne ake kama ta. Na biyu romon kaza ne a ɗan ƙoƙo, wani farin hayaƙi mai sanyi yana tashi a gefensa. Hayaƙin ya burge, romon ya huce. Na uku dambun nama a kan ganye, an yi masa siffar sawun kura, ba laifi, sai dai man ya yi yawa. Na huɗu kuwa gasasshen kifi ne da miyar tsamiya da citta, kuma wallahi ban taɓa cin kifi irinsa a garin nan ba. Mai girkin, John, Allah ya yi wa hannunsa albarka. Har Baba da ya zo yana cika yana batsewa sai da ya tsince ƙayar tas.

Amma tun a faranti na biyu hankalina ya bar kan abinci. Muryar wani namiji ce ke ba da labarin daga bakin Dodon, kuma labarin na san shi: uwa ba lafiya, yaro ya ɗauki tulu, rijiya a tsakiyar daji. Na ciro waya a ƙarƙashin tebur na rubuta masa, “Wannan ba tatsuniyar Iya ba ce?” Ya turo min hoton fuska mai kashe ido. Na ce wa kaina ai labari ne kawai ya ara, tatsuniya ba ta da mai ita, in mun fita zan ja masa kunne. Wauta ta hana ni in kama hannun Baba mu tashi tun a lokacin.

Peculiar ta ajiye faranti na biyar ta ce sunansa Kiran Uwa. Tuwon dawa ne ɗan mitsitsi da miyar kuka. Baba ya ture cokali ya ce wannan kam da hannu ake cinsa. Ya gutsura ke nan aka rage taurarin, kukan gyare ya tsaya, sai ƙarar yayyafi a kan kwano ta cika zauren. Kwanon ɗakin Iya. Sai tarinta, wannan ɗan busasshen tarin da ke zuwa mata kafin ta yi magana. Sai muryarta, daga bakin Dodon siminti:

“Mansir, Mansir, ɗan farina,
Rana ta faɗi, tuwo ya huce,
Dawo gida, idona na hanya.”

Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Hannun Baba ya tsaya tsakanin faranti da baki, miya tana bin yatsunsa tana ɗiga kan farar shadda. Umma ta dafe ƙirji tana salati ƙasa-ƙasa, don ko a mafarki ta san muryar surukarta. Waƙar ta sake zagayowa. A teburin bayanmu wani mai ƙaton tumbi ya kwaikwayi rawar muryar tsohuwar, matan da ke tare da shi suka kwashe da dariya. Wata ta ɗaga waya tana ɗauka tana cewa kai, wannan kaka ta iya wasan kwaikwayo. Aka yi tafi. Matar da ko mai tattasai bai taɓa jin ta ɗaga murya ba, ita ake yi wa tafi ana sakace haƙori.

Baba ya mayar da lomar cikin faranti. Ya goge hannu a hankali, yatsa bayan yatsa, ya cire tabarau ya sa a aljihu, ya miƙe. Bai kalle ni ba, bai kalli Umma ba. Kafin a rera ta uku ya kai ƙofa. Na bi shi da gudu, hasken rana ya kashe min ido, na hango shi ya wuce lilo da mai sayar da alawar auduga, yana tafiya kamar wanda aka aika. Ina isa bakin titi keke ya riga ya ja da shi. Faranti na shida da na bakwai ban gan su ba, don haka kada wanda ya tambaye ni.

A bayan kicin na samu Abdulmuhaimin, fuskarsa fal murna, yana tambayata ya Baba ya ji.

Na ce, “Me na rubuta maka a ƙasan saƙon nan?”

Ya ce, “Juwairiyya, tsaya ki ji. Mutum ya shekara sittin bai ji mahaifiyarsa ta kira sunansa ba. Ni na ba shi wannan. Shi ne laifin?”

“Kai ka ba shi? Naka ne?”

“Al'adar nan fa zalunci ce, ke ma kin sani.”

“A gaban mutum arba'in? Daga bakin Dodo?”

Nan ya fara kame-kame, wai ya yi niyyar ya gaya min, wai so ya yi abin ya zo ba zato, wai duk wanda ya ji muryar a gwaji sai da ya yi ƙwalla. Gwaji! Ashe injiniyoyi da masu wanke-wanke sun riga Baba jin ta. Na tambaye shi ko yau kaɗai za a sa. Ya sosa ƙeya ya ce an riga an haɗa ta cikin tsarin, zama uku a rana, amma za a iya dubawa. Wato kyautar Baba ce, amma za a riƙa sayar da ita safe da rana da yamma tare da tuwo. Abin da na faɗa masa a wurin ba zai rubutu ba. Na dai san John ya leƙo da ludayi a hannu ya koma da sauri.

A gida Baba ya shige ɗakinsa na zaure ya rufo. Masallaci kawai ke fito da shi. Abincin da aka kai masa haka ake ɗauko shi. Umma kuwa, maimakon ta tsaya a kan wanda ya yi ɓarnar, ni ta tasa. Ta ce ni na fara cin amanar, wanda gaskiya ne, kuma shi ya fi ƙona min rai. Ta ce yaron da kyakkyawar niyya ya yi, tashin Abuja ne, bai san dawan garin ba. Ta ce Juma'a mutane za su zo, an riga an yi cincin da dubulan, kada in kuskura in ɓata masa sana'a a shafin nan nawa, in rubuta kifin kawai in yi shiru. Har ɗaki ta biyo ni tana cewa mijin kirki ba a kasuwa ake tsintarsa ba, mace mai dogon fushi ita ke kwana da nadama. Na ce Umma, da muryarki ce fa? Ta ce in rufe mata baki.

Saƙonninsa suna ta shigowa. “Ki ɗauka mana.” “Na yi kuskure, amma ki dubi niyyata.” “Don Allah kada ki rubuta komai sai mun yi magana.” Wannan na ƙarshen ne ya ƙarasa ni. Ubana ya kwana bai ci abinci ba, shi kuma shafi ne damuwarsa. Da hantsin Lahadi na ba shi ludayi ɗaya, kuma ɗayan ma na John ne da Peculiar. Sannan na rubuta masa: “Ka cire muryar kakata daga bakin gunkinka. Ka goge ta a wayarka da kwamfutarka da duk inda ka kai ta. Ni ma na goge tawa, tunda na nuna ban isa riƙon amana ba.” Kuma na goge ɗin, a waya da cikin hirarmu da ko'ina, ina jin kamar na wanke wa Iya zanenta da aka jefa a kwata. Litinin da safe ya turo bidiyon allon kwamfuta yana gogewa, ya rubuta: “Na goge duka, kamar yadda kika ce.” Na toshe lambarsa.

Na ɗauka nan labarin ya ƙare, har na fara shirya abin da zan faɗa ranar Juma'a in an tambaye ni ko ina so.

Yau Laraba, bayan la'asar, ina tsakar gida ina tsince shinkafa, Baba ya ɗaga labulen zaure ya kira ni. Kwana huɗu ke nan ban ji sunana a bakinsa ba. Na shiga na durƙusa a bakin tabarma, na sunkuyar da kai ina jiran abin da na cancanta. Ya rame. Farar shaddar tana rataye a ƙusa, ɗigon miyar kuka yana nan a gabanta, ashe ya hana Umma wankewa.

Ya daɗe yana juya tabarau a hannu, sannan ya ce, “Abin nan da aka sa ranar Asabar. Ke kika ɗauka?”

Na ce ni ce, Baba, ka yafe min.

“Yaushe?”

“Daminarta ta ƙarshe.”

Ya gyaɗa kai. Ya ce, “Hayaniya ta yi yawa a wurin, ban ji da kyau ba. Kuma ban tsaya ƙarshe ba.” Ya gyara murya. “Yaron ya dawo gida kuwa?”

Na ce ya dawo, Baba. Ya kawo ruwan, ta warke.

“To, alhamdu lillahi.” Ya kalli bango, ba ni ba. “Ki sa min in ji. Ni kaɗai. Sai ki ajiye wayar ki fita.”

Jama'a, muryar da na goge da hannuna yake nema. Na ce masa wayar ba caji, ya ba ni minti goma. Ya ce ba komai, yana nan, ai ya jira abin da ya fi haka.

Kada wanda ya ce min wannan ya wanke Abdulmuhaimin. Bai wanke shi ba. Abin da ya kamata uba ya ji a ɗakinsa, ƙofa a rufe, shi ya kai kasuwa ya sa aka yi masa dariya, kuma ludayinsa ɗaya yana nan daram. Amma ga ni zaune a bakin gado, shinkafar tana can kaji suna ci, na buɗe lambar da na rantse ba zan sake buɗewa ba. Na rubuta na goge, na rubuta na goge, a ƙarshe na tura masa kalma biyar: “Da gaske ka goge duka?”

Kwana huɗu ina kiransa maci amana. Yanzu kuma ga ni ina roƙon Allah ya sa maƙaryaci ne ma.

Ya karanta. Saman allon wayar ya nuna yana rubutu, ya tsaya, ya sake farawa. Daga zaure ina jin Baba ya kashe rediyonsa, ya jawo ƙofar tagar da ke kallon titi, don kada hayaniya ta shigo.